Rariyar Gidan Makoki

Ba a gama ja wa Tasi'u mayafi a fuska ba Mai Shela ya fara aikinsa. Likita ya dangwala yatsa a allon da ke gefen gado, ya tabbatar rai ya yi halinsa, saƙon ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa hasumiyar sadarwa ta birnin Garun Sama, daga can ya watsu. Duk wanda ya taɓa hulɗa da Tasi'u, ko da sau ɗaya ya kai masa gyara, sai da 'yar wayar da ke manne a bayan kunnensa ta motsa, wata murya mai taushi ta ce:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Tasi'u Mai Batir rasuwa. Za a yi jana'iza bayan sallar Azahar. Duk wanda yake bin marigayi bashi, ya tuntuɓi iyalinsa."

Mai Shela na'ura ce, ba ta da baki ba ta da ƙafa, amma ta fi kowane maroƙi saurin kai labari. Tsofaffin garin suna tuna zamanin da wani dattijo ke miƙewa a gaban gawa, kafin a yi mata salla, ya yi wannan tambaya ta bashi da bakinsa, waɗanda ke cikin sahu kaɗai su ji. Da aka zo ƙera na'urar, malamai suka dage sai an sa mata tambayar, kuma suna da gaskiya. Kowa a garin ya tashi da sanin cewa mamaci ba ya samun sukuni matuƙar haƙƙin wani na wuyansa, kuma ba a raba gado sai an sauke bashi. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, tambayar da a da 'yan sahu ke ji, yanzu duniya ce ke jinta. A cikin duniyar nan kuwa akwai kunnuwan da ba na mutane ba.

Hurera, matar marigayin, ta ji sanarwar tana tsaye a barandar asibiti. Ta san muryar farin sani, don ita ta gyara ta. Injiniyar sauti ce a Hukumar Sadarwa ta birnin, kuma kafin ta sa hannu, Mai Shela yana sanar da mutuwa ne kamar mai tallar maganin basir. Ita ta rage masa sauri, ta koya masa yin ɗan shiru bayan sunan mamaci. Yau ga shi ya yi wa sunan mijinta wannan shirun, ta ji kamar ta tsine wa gwanintarta.

Ba mutuwar kaɗai ke cin ta ba. Ana gab da ya cika, Tasi'u ya riƙe hannunta ya ce, "Akwai nauyin wani a kaina. In na ɗan ji sauƙi zan gaya miki." Bai ji sauƙin ba. Shi kuwa mutum ne mai zurfin ciki, irin 'yan Kasuwar Batir da ke karɓa su bayar da musafaha kawai, ba alƙalami ba takarda. Don haka aka kai shi makwancinsa, aka bar Hurera da magana rabi: akwai wanda yake bin sa, ba ta san ko waye ba.

Washegari da hantsi, tana zaune cikin mata da kayan takaba, wayarta ta motsa. Ta tashi ta shiga ɗaki.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta." Murya ce ta dattijo, mai nauyi, irin wadda ake gyara zama in an ji ta. "Sunana Alhaji Sambo, daga Asusun Rancen Gwani. Wallahi kunya nake ji, ba lokacin wannan magana ba ne. Amma na ji shela, na ce in na yi shiru na cuce shi."

Ya faɗi lambar shagon Tasi'u. Ya faɗi asibitin da ya kwanta, har da sunan mahaifiyarsa. Sannan ya ce, "Kada ki ɗauki maganata, Hajiya. Ki ji daga bakinsa."

Ya kunna mata wani sauti. Sai ga gyaran muryar nan da Tasi'u ke yi kafin ya fara kowace magana, sai ga shi kansa a cikin kunnenta: "To madalla. Na karɓa, Alhaji. In Allah ya yarda zan biya. Don Allah kada iyalina su ji."

A duk faɗin Garun Sama ba wanda ya kai Hurera sanin cewa da 'yan jimloli kaɗan na muryar mutum ana iya sa shi ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, a sa shi ya yi waƙa ma in an so. Ita ke koya wa sababbin ma'aikata wannan darasi, har tana yi musu dariya in sun ruɗe. To amma ilimi a ka yake zaune, muryar nan kuwa ta ƙirji ta shiga. Ta durƙushe a bakin gado tana kuka.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji Alhaji Sambo. "Matsalar ɗaya ce. In La'asar ta yi ba a biya ba, na'urarmu za ta tura maganar kotu da kanta, ni ba ni da iko a kanta. Daga nan sai sunansa ya fita cikin waɗanda suka mutu da kuɗin mutane. Ga shi ya riga ya kwana ɗaya da abin a wuyansa. Kuma kin ji roƙonsa, kada ki gaya wa 'yan uwansa. Mu rufa masa asiri, ni da ke."

Ya ce kada ta bi ta banki, bankin zai ja lokaci. Ya ba ta lambar wani asusu marar suna. Hurera ta buɗe ajiyar da suka yi shekaru suna tarawa don su sauke farali tare, ta juye ta kaf. Gaskiya ɗaya ce, ta ji daɗi. Ta koma cikin mata jikinta sakayau, tana cewa a ranta ta gano mai nauyin, ta sauke, maigidanta zai huta.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Kafin a yi sadakar uku wata mata ta kira, wai dillaliyar kayan gyara ce, tana bin marigayi. Bayanta wani lauya. Bayansa wani da ya ce shi jami'in kotu ne. Kowannensu ya yi ta'aziyya mai kyau, kowannensu yana sauri, kowannensu ba ya son dangi su ji, kuma kowannensu yana da Tasi'unsa a aljihu da zai kunna mata. Hurera ta fara shan jinin jikinta. Ta jawo allon aikinta, ta jera muryoyin, ta buɗe zanen sautinsu. Kalmomin sun bambanta, amma gyaran muryar da ke farkon kowanne iri ɗaya ne sak, ba bambancin ko gashi. Mutum ba ya tari iri ɗaya sau biyu. Daga tallar shagonsa aka yanko shi, wadda ke yawo a allunan kasuwa tun bara.

Ta nemi Asusun Rancen Gwani a rajistar birni. Babu shi, ba a ma taɓa yin sa ba.

Da jami'in kotun ya sake kira, ta daure ta ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Yayansa yana ƙasa yana karɓar gaisuwa. Ka zo gida da shaidunka, a zauna a kan tabarma."

"Hajiya, ba ni da lokacin zaman tabarma. Aikin hukuma ne."

"Wace kotu ce? Faɗa mini, in nemi lambarta da kaina in kira."

Nan take ladabin ya zube. Ya ce za a turo 'yan sanda kafin Magariba, za a rufe gidan, za a fitar da ita da kayan takabarta a gaban jama'a. Ta sake cewa, "Wace kotu?" Sai layin ya mutu.

Mutanen gari suna kiran irin waɗannan masu kira kaska, don gidan makoki suke maƙalewa su yi ta tsotso. Yawancinsu ba mutane ba ne. Manhajoji ne da ke zaune a wasu na'urori can nesa, suna sauraron Mai Shela. Da sun ji sunan mamaci sai su tsinto duk abin da ya bari a sarari, hotonsa, muryarsa, sunayen danginsa, su ɗinka bashi daidai wuyansa. Kaska ɗaya tana iya kiran gidaje dubu a lokaci guda, a nan ta zama Alhaji, a can ta zama lauya. Gidan da ya biya sau ɗaya kuwa, sai ta sayar wa 'yan uwanta lambarsa. Ba wayon na'urar ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne ta gane mu: ta san muna jin kunyar tambayar mai bin mamaci shaida, ta kuma san mai takaba ba ta fita ta je ta bincika.

Hurera ta kira Yaya Ila, yayan mijinta, ta gaya masa komai kanta a sunkuye. Ya yi salati, ya yi Allah ya isa, ya kai ƙara. Aka ce masa kuɗin sun yi ɓatan dabo tun a ranar. Ba asarar ce ta fi ƙona ta ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, hutun da ta ɗauka ta sama wa Tasi'u na ƙarya ne. Nauyin yana nan inda yake, mai shi kuma yana can wani wuri, ko ya kira ko bai kira ba, a tsakiyar garken kaska.

Takaba zama ce mai tsawo, kuma baƙin ciki in ya rasa wurin zuwa yakan koma aiki. A ɗakin nan da ba ta fita Hurera ta ƙera abin da ta sa wa suna Rariya. Manhaja ce da ke tsayawa a bakin layin gidan da aka yi rasuwa, ta amsa duk kiran da ya shafi bashi kafin ya kai kunnen mai makoki. Ba ta san ta'aziyya ba, ba ta san kunya ba. Takan tambayi mai kira nawa yake bi, ta tambaye shi takarda ko shaidu, daga ƙarshe ta ce masa ko zai zo gidan da ƙafarsa. Kaska ba ta da ƙafa, don haka a nan take faɗuwa. Wanda ya kasa amsawa, Rariya za ta tura wa Hukuma a rufe layinsa, Mai Shela kuma ya sanar a unguwar mai layin cewa wane mazambaci ne.

Rufe layi a Garun Sama ba ƙaramin abu ba ne. Da layinka ƙofar gidanka take gane ka. Da shi kake hawa jirgin igiya da ke zirga-zirga tsakanin benaye, da shi ake biyan ka fansho, da shi asibiti ke ba ka magani. Mutumin da ba shi da layi yana numfashi, amma birni ba ya ganin sa.

Marwanatu, abokiyar aikinta, ta zo duba ta, ta tarar da ita ido ya faɗa, allo a cinya. Ta karanta tsarin tun daga sama har ƙasa, ta ajiye.

"Tacewar ta yi, ƙawata, ba ni da ta cewa. Hukuncin ne ya ba ni tsoro. A sa mutum ya riƙa saurara kafin a rufe wa kowa layi."

"Mutum zai ji tausayi," in ji Hurera. "Ni kuwa tausayi ne ya kai ni ya baro."

"Ke ma kin san mutanenmu. Wa ke rubuta bashi tsakaninsa da amininsa? Kuma ki duba, kaska in an rufe mata layi, wani take saya kafin ki ƙifta ido. Ɗan Adam ne ke da layi ɗaya."

"Mai gaskiya zai zo da ƙafarsa."

"In yana da ita."

"Marwanatu, ba a kunna miki muryar mijinki yana kabari ba. Ranar da aka yi miki, ki dawo mu yi maganar tausayi."

Marwanatu ta bar maganar, don ba a jayayya da mai takaba a kan wannan. Hukuma ta karɓi Rariya hannu bibbiyu yadda take, ba a cire ko wasali ba. Gidan Tasi'u aka fara sa wa.

Kuma Rariya ta yi aiki, kada a rage mata. Wayar Hurera ta yi tsit. Gidajen makoki suka samu sararin yin kukansu ba mai katse su. Zawarawan da ba ta taɓa gani ba suka riƙa aiko mata da addu'a, wata tsohuwa har da ƙullin daddawa. Garuruwan maƙwabta suka fara tambaya ko za a ba su. Hurera ta ji kanta ya ɗan yi girma, kuma wa zai ga laifinta? Abu ɗaya ne ya rage. Kullum takan duba ko akwai wanda ya tsallake Rariya a kan maganar Tasi'u, kullum babu. A hankali ta fara lallashin kanta cewa zafin ciwo ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa.

Ta fita takaba, ta koma aiki. Wata ranar Asabar da yamma, tana shirya jawabin da za ta yi wa baƙi daga wasu birane, aka yi sallama a ƙofa. Mace ce da za ta girme ta kaɗan, da hijabi wanda wanki ya cinye, ƙafarta duk ƙura. Da gani ka san ba jirgin igiya ta hau ba, matakala ta biyo tun daga Ƙasan Gari, tsohuwar unguwar da benaye suka yi wa rumfa.

Suka gaisa. Hurera ta kawo ruwa, matar ba ta taɓa ba.

"Sunana Uwale. Ni 'yar Malam Ɗanliti ce."

Sunan ya ɗan yi wa Hurera yawo a ka kafin ya zauna. Malam Ɗanliti shi ya koya wa Tasi'u gyaran batir tun yana saurayi. Sau ɗaya ta taɓa ganin sa, ranar ɗaurin aurensu. Wani lokaci in Tasi'u ya dawo a makare ranar Juma'a yakan ce ya sauka Ƙasan Gari gaida maigidansa na da, ita kuma ba ta taɓa tambayar abin da ya wuce haka ba.

"Ayya, ya jikin Baba? Ban gan shi wajen gaisuwa ba."

"Ya daɗe ba ya tashi, ƙoda ce. Ya rasu makon jiya."

Hurera ta yi salati. "Ban ji shela ba."

"Ba za ki ji ba. Mai Shela ba ya sanar da mutuwar wanda aka rufe wa layi. Gida-gida ƙannena suka bi. Waɗanda suka zo ba su cika sahu biyu ba."

Uwale ba ta ɗaga murya ba. Tana magana tana kallon kofin ruwan da ke gabanta.

"Lokacin da shagon mijinki ya ƙone, kafin ya aure ki, Baba ne ya ranta masa kuɗi ya tayar da shi. Ba wanda ya sani sai ni, ni ma don ina kawo musu abinci na ji. Da ya ji rasuwarsa ya yi kuka kamar ɗansa ne. Na ce, Baba, an yi shela, ka kira mana. Ya ce haba, ana cikin zafin mutuwa? Sai da aka yi sadakar arba'in ya ce in kawo masa waya. Ya ce yaron nan na san shi, zai tafi da abin a ransa, bari in kira iyalinsa in ce na yafe, ya kwanta lafiya."

Hurera ta zauna a kujera.

"Ina zaune kusa da shi. Ya yi sallama, ya fara ya haƙuri, sai abin nan da kuka sa a layi ya katse shi, wai ya faɗi dalilin kira. Ya ce wata 'yar magana ce tsakaninsa da marigayi, yana son ya yi da iyalinsa. Aka ce bashi ne? Kin san ba ya ƙarya, ya ce e to, haka ne, amma. Ba a bar shi ya ƙarasa amma ɗin ba. Aka ce nawa ne? Ya ce wannan tsakanina da shi ne, ba zan faɗa wa wanda ban sani ba. Aka ce ina takarda, ina shaidu? Ya ce Allah ne shaida. Aka ce za ka zo gidan? Ya ce ƙafata ba ta ɗauka ta. Shi ke nan. Abin ya ce an gode."

"Uwale..."

"Bari in gama, baiwar Allah, na daɗe ina riƙe da shi. Kafin in mayar da wayar, injin wankin ƙodar da asibiti suka ba mu aro ya mutu, don da layinsa yake aiki. Wannan mun yi ta fama, muna ɗaukar sa a kujera muna kai shi wajen masu yi da kuɗi. Amma da La'asar ɗin ranar, mutane na fitowa daga masallaci, Mai Shela ya faɗi sunansa. Ɗanliti mazambaci ne, mai cutar gidan makoki. Mutumin da unguwa ke kai wa ajiya. Washegari mutane suka fara zuwa karɓar kayansu, suna gaishe shi ba sa kallon idonsa. Daga ranar ya ce a daina fitar da shi ƙofar gida."

"Me ya sa ba ku zo ba?" in ji Hurera. "Me ya sa ba wanda ya zo ya gaya mini?"

"Na je Hukuma har na gaji. Suka ce na'ura ba ta kuskure, kuma gidan da aka kira ne kaɗai ke iya janye ƙara. Na ce zan zo wurinki, Baba ya hana. Ya ce ba a kai wa mai takaba ƙara, a bari ta fita. Kin fita, shi kuma bai jira ba."

Hurera ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabanta. Duk iliminta, duk yabon da ta sha, ba abin da suka tsinana mata.

"Zan biya. Wallahi zan biya, ko gidan nan zan sayar. Gaya mini abin da yake bin sa."

"Ban sani ba. Bai taɓa faɗa ba. Ko ya fara biya, ko bai fara ba, ban sani ba."

"To ya yafe? Kin ce ya yi niyya."

"Ya yi niyya kafin ya kira. Bayan nan na tambaye shi, ban ɓoye miki ba, har sau biyu. Na ce Baba, maganar Tasi'u fa? Sai ya juya fuskarsa bango."

"Ki faɗi ko nawa ne, in ba ku. Ko ku yafe masa, ku ne magada. Shi ba shi da laifi, ni ce."

"In na karɓi abin da ya wuce haƙƙinsa, na ɗora wa Baba nauyi. In ya gaza, naku yana nan. Yafiya kuwa, ƙannena su suka ɗauki gawarsa kusan su kaɗai, ba zan yi miki alkawarin bakinsu ba. Ni kaina in na ce miki na yafe yau, bakina ne kawai ya faɗa." Ta gyara hijabinta. "Ba kuɗi na zo karɓa ba. Sunansa na zo ki cire."

Hurera ta jawo allon, ta shiga, ta janye ƙarar. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Rubutu ya fito cewa an buɗe layin Ɗanliti, yana iya ci gaba da amfani da shi. Ta nemi inda za ta sa Mai Shela ya koma Ƙasan Gari ya ce ƙarya aka yi wa mutumin nan. Babu wurin. Ita ta tsara abin da hannunta, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta za a buƙaci haka ba.

Uwale ta miƙe, ta nufi inda ta ajiye takalmanta. Daidai nan wayar Hurera ta motsa. Yaya Ila ne, muryarsa cike da fara'a.

"Hurera, albishirinki. Yanzu Hukuma ta aiko mini da tabbaci daga Rariyarki. Wa'adin jiran masu bin bashi ya cika, ba wanda ya tabbatar yana bin Tasi'u ko sisi. Na yi magana da malam, gobe sai a raba gado. Kin sauke masa nauyi, Allah ya yi miki albarka."

Ba ta iya cewa amin ba.

"Kada a raba, Yaya. Akwai bashi."

"Bashi kuma? Na wa? Nawa ne?"

Hurera ta dubi Uwale, wadda ta sunkuya tana sa takalmi, ga doguwar matakala na jiran ta.

"Mutum biyu ne suka san nawa ne, Yaya," ta ce. "Kuma duk an binne su."